Darasin kwamfuta a ajin da ba wuta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandaren gwamnati da ke cikin birnin Katsina, kuma a farkon kowace shekarar karatu, idan na shiga ajin sababbin ɗaliban babbar sakandare, da tambaya guda nakan fara: mece ce kwamfuta? Ban taɓa rasa masu ɗaga hannu ba. Yaro zai miƙe, ya harɗe hannuwansa a baya, ya zubo doguwar jimla da Turanci wadda ma'anarta ita ce kwamfuta na'ura ce mai aiki da lantarki, tana karɓar bayanai, ta sarrafa su, ta adana, sannan ta fitar da sakamako. Ba ya tuntuɓe ko a kalma ɗaya, domin tun yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare yake bitar ta. Sai in ce masa madalla, to yanzu ka gaya mana da Hausa yadda take yin wannan sarrafawar. A nan ne ajin yakan yi tsit, har mutum ya ji ƙarar baburan da ke wucewa ta bayan katanga.

Ba na ganin laifin yaran ko kaɗan, domin abin da muka ba su shi suke dawo mana da shi. Duk wanda ya buɗe littafin rubutun ɗalibin ƙaramar sakandare zai tarar da tarihin na'urorin ƙidaya tun daga ƙirga da tsakuwa, da sunan Charles Babbage, da labarin kwamfutar ENIAC wadda aka kammala a Amurka a 1945 da kwalaben lantarki kusan 18,000 a cikinta, da jerin zamunan kwamfuta daga na farko zuwa na biyar. Duk wannan gaskiya ne, saninsa kuma ba ya cutar da kowa. Amma a farkon bara wata yarinya ta kawo mini littafinta don in sa hannu, da na buɗe sai na ga ta zana allon madannai a shafi biyu, da rula da jan biro da baƙi, ba ta tsallake maɓalli ko ɗaya ba, har da waɗanda ke jere a sama daga F1 zuwa F12. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Na tambaye ta ko ta taɓa danna ɗaya daga cikinsu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, ban taɓa ba.” A lokacin shekara uku ke nan tana cin jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau.

Makarantarmu tana da ɗakin kwamfuta, kuma da wannan kaɗai mun fi makarantu da dama na ƙauyukan da ke kewaye da mu. Kwamfutoci 20 aka kawo mana tun farko, yau 11 ne suke tashi. Wasu ƙurar hunturu ce ta cika musu ciki, wasu kuma wutar da aka maido da ƙarfi wata rana ce ta ƙone su. Ajin da nake shiga ba ya kasa ɗalibai 70, darasi kuwa minti 40 ne, sau biyu a mako. Idan an ɗauke wuta, wanda shi ne ya fi yawa a lokacin karatu, sai an tayar da janareta, janareta sai da mai, kuɗin mai kuma sai an rubuta takarda an jira. Akwai kuma wata ɗabi'a da na gani a makarantu fiye da ɗaya, ta kulle ɗakin don kada yara su ɓata kaya, a buɗe shi ranar da baƙi za su zo. Na fahimci tsoron mai riƙe da mukulli, tunda shi za a tuhuma idan linzamin kwamfuta ɗaya ya ɓace, sai dai na'urar da aka lulluɓe da zane shekara biyu ba tsira ta yi ba, lalacewa take yi a hankali ba tare da ta amfani kowa ba.

Na daɗe ina ganin cewa duk damuwarmu ta rashin kayan aiki ce, kuma da za a kawo mana kwamfutoci 70 da sola mai ƙarfi, da shi ke nan. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wata rana na zauna na duba abin da ni kaina nake koyarwa a ranakun da aka yi sa'ar samun wuta. Buga wasiƙa ne, da ƙara wa rubutu kauri, da adana takarda, da jera lambobi a jadawali. Iyaye ma abin da suke nema ke nan, kuma suna da hujja, domin tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta gaba ɗaya, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara irin wannan tsari ga masu zana jarrabawa don kansu. Yaron da ya taso daga Rimi ko Kaita ya shiga zauren jarrabawa hannunsa yana rawa a kan linzami, ya riga ya yi asarar lokaci kafin ya karanta tambayar farko, saboda haka haƙƙi ne a kanmu mu cire masa wannan tsoro. Amma wannan aiki ne na mako uku ko huɗu, mu kuwa shekara shida muke riƙe da yaran. Iya amfani da kwamfuta daban, kimiyyar kwamfuta daban, kamar yadda wanda ya iya naɗa rawani ba lallai ne ya san yadda aka saƙa shi ba. Kimiyyar kwamfuta ita ce sanin yadda mutum zai ɗauki matsala ya warware ta mataki-mataki, a fili ƙarara, ta yadda na'urar da ba ta da hankali ko kaɗan za ta bi matakan ta kai ga amsa. A Ingila ma sai da suka lura cewa sun ɓata shekaru suna koya wa yara buga takardu kawai, shi ya sa a 2014 suka sauya manhajar karatunsu, tsara umarni ga na'ura ya zama darasi tun daga firamare.

Shi wannan tunani na mataki-mataki ba ya jiran wutar lantarki. A makon farko nakan tsayar da ɗalibi ɗaya a bakin ƙofar aji, in ce yau shi ne kwamfuta, ba ya yin komai sai abin da aka umarce shi, kuma umarni shida kaɗai ya sani: taku ɗaya gaba, juya dama, juya hagu, ɗaga hannu, ɗauki, ajiye. Aikin sauran shi ne su kai shi gaban tebur ya ɗauko alli. Wani zai ce masa ya tafi wajen tebur, ba zai motsa ba, domin wannan ba ya cikin abin da ya sani. Wani zai ce ya yi ta taku ba tare da ya faɗi inda zai tsaya ba, sai ya yi ta tafiya har ya kai bango. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun fara ƙirga taku suna rubutawa a takarda, suna gardama a kan wanne umarni ya kamata ya riga wanne, kuma wannan gardama ita ce darasin.

Darasin da na fi ji da shi kuwa daga tarihin garin nan na samo shi. Kalmar da littattafanmu suke kiran irin wannan jerin matakai da ita, wato algoridim, ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma nakan gaya wa yara haka don su san cewa ilimin nan ba jiya ya faɗo daga ƙasar Turai ba. Sai dai Bagadaza tana da nisa ga yaron Ƙofar Marusa. Wanda ya fi kusa da shi shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin lissafi da ilimin taurari ɗan ƙasar Katsina, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lambobi mai gidaje mara, irin su uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Abin da ya sa nake kawo shi aji shi ne bai tsaya ga nuna hatimi guda da ya cika ba, ya rubuta ƙa'idojin da duk wanda ya bi su zai gina nasa, kuma wannan shi ne ainihin aikin mai rubuta manhajar kwamfuta, ga shi ya yi shi ƙarni biyu kafin a ƙera kwamfutar lantarki ta farko.

Nakan zana murabba'i mai gida tara a allo, layi uku kwance, layi uku tsaye, in ce su zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi na kwance da na tsaye da na kusurwa zai ba da jimla ɗaya. Nakan bar su minti goma suna gwadawa suna gogewa. Mutum biyu ko uku sukan dace, su gano cewa jimlar 15 ce kuma dole 5 ta zauna a tsakiya. Sai in yaba musu, in zana mai gida 25, in ce su zuba daga 1 zuwa 25. A nan gwaji da sa'a ba sa kai kowa ko'ina, kuma da gangan nake barin su su ɗanɗani wannan gajiya, domin wanda bai sha wahalar lalube ba ba zai san darajar ƙa'ida ba. Hanyoyin gina shi suna da yawa, wadda nake koyarwa ita ce mafi sauƙi ga mai farawa. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba tana hawa gida ɗaya sama ta matsa gida ɗaya dama. Idan hawan ya fitar da ita daga murabba'in, sai ta ɓullo ta layin ƙasa, idan kuma matsawar ta fitar da ita ta dama, sai ta ɓullo ta hagu. Idan ta tarar gidan da ta nufa da mai shi, sai ta sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da aka rubuta ta ƙarshe. A yi ta maimaita haka har gidaje su ƙare. A mai gida tara, layin sama zai fito 8, 1, 6, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 4, 9, 2. A mai gida 25 kowane layi zai ba da 65, kuma yaron da ɗazu ya kasa sai ga shi ya cika shi cikin minti huɗu, yana tarawa yana sake tarawa don bai yarda da idonsa ba.

A cikin waɗannan 'yan jimloli akwai duk ginshiƙan da ake gina manhaja a kansu, wato bin umarni a jere, da sharaɗi, da maimaitawa har a kai wani matsayi. Akwai kuma wurare biyu da nake jira kullum. Na farko shi ne kusurwar sama ta dama, inda 6 take zama a ƙaramin hatimi, 15 kuma a babba. Daga nan lamba ta gaba tana fita ta sama da ta dama a lokaci guda, kuma kusan rabin aji a nan suke cijewa. Wanda ya natsu ya bi ƙa'idar kamar yadda take zai ga cewa ta nufi kusurwar ƙasa ta hagu, can kuma akwai mai gida, saboda haka sai ta sauka ƙasa da lambar ƙarshe. Masu rubuta manhaja sun san cewa a irin waɗannan gefuna kuskure yake ɓuya. Na biyu kuwa wani yaro ne ya fara kawo mini shi shekarun baya, ban shirya masa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, mi ya sa ya ƙi yi a huɗu-huɗu?” Ya je gida ya gwada da lambar cika, ya tarar babu gidan tsakiya da zai sa 1, ya zaɓi ɗaya ya ci gaba, lissafi ya ƙi fita. Ranar na ajiye abin da na shirya, muka cinye darasin a kan cewa kowace hanya tana da iyakar inda take aiki, kuma wanda ya tsara ta wajibi ne ya faɗi iyakar. Tun daga lokacin na mayar da tambayarsa aikin gida na kowace shekara.

Wani abokin aikina, dattijo mai koyar da addinin Musulunci, ya taɓa jawo ni gefe a ɗakin malamai ya ce, “Malam, ka san yadda mutane suke kallon hatimi. Kada iyaye su ji su ce tsibbu kake koya wa 'ya'yansu.” Na ga gaskiyarsa, na kuma gode masa. Yanzu tun daga farko nakan bayyana wa yara cewa abin da ke gabanmu lissafi ne tsantsa, tarawa da jerawa, babu wani sirri a ciki, kuma a littattafansu murabba'in lambobi nake sa su rubuta.

Haka nake yi da ƙidayar sifili da ɗaya, wadda littafi yake gabatarwa da dogon rabawa da biyu, yara su haddace ba su san dalili ba. Na yanka kwali gida biyar, na ɗiga wa na farko ɗigo 16, na biyu 8, sai 4, sai 2, sai 1. Ɗalibai biyar suna tsayawa gaban aji kowa da nasa, wanda ya nuna fuskar kwalinsa shi ne ɗaya, wanda ya juya bayansa shi ne sifili. Idan na ce 13, sai mai 8 da mai 4 da mai 1 su nuna, a rubuta 01101 a allo. Ba a daɗewa wani zai gano cewa kwali biyar ba su wuce 31, kuma idan ana son ƙari sai an kawo na shida mai ɗigo 32. Daga nan hanya ta buɗe zuwa haruffa, domin a wurin kwamfuta kowane harafi lamba ce, babban A shi ne 65. Tsohon tsarin da Amurkawa suka fitar a 1963, mai suna ASCII, gurabe 128 kaɗai yake da su, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Da tsarin Unicode ya zo a 1991, haruffanmu masu lanƙwasa suka samu lambobinsu a cikinsa, ƙ ta zama 409, ɓ 595, ɗ 599. A nan yara suke fahimtar dalilin da ya sa Ƙanƙara da Ɗanmusa suke rasa lanƙwasarsu a takardun da aka buga, ko su fito da wasu akwatuna a madadin haruffa, da kuma dalilin da ya sa baƙi yake komawa baki a saƙon waya. Ina son su san cewa mutane ne suka zauna suka yanke abin da na'ura za ta iya rubutawa, kuma wanda ba ya wurin lokacin da ake yanke shawara, harshensa yakan jira shekaru.

Batun harshe kuwa ba zan ɓoye matsayina a kansa ba. Da Turanci ake jarrabawa, da Turanci aka rubuta harsunan kwamfutar da muke koyarwa, kuma zaluntar yaro ne a hana shi kalmomin da zai tarar a takardar WAEC ko NECO. Amma da Hausa nake fara bayani, sai ma'ana ta zauna sannan in ɗora mata sunanta na Turanci. Da yawa daga cikin ɗalibaina suna tsaron shago ko rumfa bayan an tashi makaranta, kuma babu wanda bai san wannan umarni ba: idan mai saye ya taya ƙasa da kuɗin da mahaifinka ya yanke, ka ce albarka, ka yi ta cewa albarka har sai ya kai, sannan ka sallama. Ga sharaɗi, ga maimaitawa, ga wurin tsayawa. Yaron da ya gane wannan, kalmomin Turanci biyu ko uku ne suka rage masa. Wanda kuwa aka fara masa da Turancin, sau da yawa da jimlar yake fita, ma'anar ta tsaya a bakin ƙofa.

Duk da haka gani ya kori ji, kuma ba zan yarda a ɗauki maganata hujjar barin makarantu babu na'ura ba. Allo da alli suna karɓar kuskure su yi shiru, kwamfuta kuwa ba ta karɓa, kuma wannan ƙin nata malami ne da ba ni da madadinsa. Abin da nake yi shi ne in raba aji rukuni-rukuni, mutum shida ko bakwai ga kowace na'ura. Kowane rukuni sai ya rubuta manhajarsa a takarda tukuna, wani rukunin ya karɓa ya bi ta layi-layi kamar shi ne kwamfutar, sai ta wuce wannan gwaji sannan a zauna gaban na'ura, kuma sharaɗi ne kowa ya buga layi ko da ɗaya ne da hannunsa, don kada mai ƙarfin hali ɗaya ya mallake madannai. Littattafan da muke da su da harshen BASIC suke koyarwa, wanda aka ƙirƙira a 1964, kuma ba na raina shi, da babu gara ba daɗi. Amma ranar Asabar, da waɗanda suke da sha'awa, Python muke yi, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, domin kyauta ne, yana da sauƙin karantawa, da shi ake aiki a duniya yau, kuma akwai manhajoji irin su Pydroid da suke ba mutum damar rubuta shi a wayar Android. 'Yan ƙaramar sakandare kuwa Scratch ya fi dacewa da su, wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubala ba tare da buga rubutu mai yawa ba. Kwamfutar cinyata ce take ɗaukar nauyin Asabar ɗin idan babu wuta, nakan cika mata caji tun daren Juma'a.

Abin da ya fi ba ni wahala a gaban na'ura shi ne tsoron kuskure. Da zarar jan rubutu ya fito a fuskar kwamfuta, sai yaro ya janye hannuwansa ya ce, “Malam, na ɓata ta.” Mun rene su a tsarin da kuskure yake jawo bulala ko dariyar aji, alhali a wannan fanni kuskure abincin yau da kullum ne, har ga waɗanda suka shekara ashirin suna aikin. Nakan sa su karanta jan rubutun da ƙarfi, su nemo lambar layin da ya ambata, su duba ko baka ce ba a rufe ba ko harafi ne ya sauya. Na daina rage maki a kan manhajar da ta ƙi tashi a karon farko, maki yana kan wanda ya gano inda matsalar take ya gyara.

Mu malamai ma muna da namu. Da yawa daga cikin masu riƙe da wannan darasi an ba su shi ne don sun iya buga takarda, ko don malaman lissafi ne da suke da sarari a jadawali, kuma mutum ba ya koyar da abin da ba a koya masa ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina duk suna yaye masu ilimin kwamfuta, amma wanda ya ƙware a cikinsu yakan sami inda ya fi aji albashi, kuma ba na zargin matashin da ya zaɓi haka. Bitar kwana uku da ake kiran mu lokaci-lokaci ba ta cika wuce kunna na'ura da buɗe takarda ba. Abin da na ga ya yi amfani shi ne haɗuwar da mu shida daga makarantu maƙwabta muke yi sau ɗaya a wata, kowa ya kawo darasin da ya gagare shi, mu warware tare. A nan na koya wa biyu daga cikinsu murabba'in lambobi, ni kuma a nan wata malama ta nuna mini yadda take koyar da neman abu a jeri ta hanyar raba shi biyu-biyu, inda ake gano kowace lamba tsakanin 1 da 100 da tambaya bakwai, tsakanin 1 da 1,000 kuma da tambaya goma.

Yarinyar nan mai zanen allon madannai tana cikin waɗanda suka fara zuwa ranar Asabar, sai bayan mako uku ta daina. Da na bincika, mahaifinta ne ya hana. Na aika masa da gaisuwa da roƙon ya ba ni minti goma, sai ga shi da kansa wata safiya, ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, ba ƙin karatu nake ba. Amma muna jin abin da yara suke yi da waya da kwamfuta, damfara da kallon banza, ita kuma mace ce.” Ban yi masa musu ba, domin abin da yake tsoro yana faruwa. Na ce, “Alhaji, gaskiyarka. Abin da nake roƙo shi ne ka bar ta zuwa ƙarshen zango, ƙanenta ya riƙa rako ta, sannan ka zo da kanka ka ga abin da take yi. In bai kwanta maka ba, magana ta ƙare.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya amince.

Aikin da ta zaɓa shi ne ta sa kwamfuta ta gina murabba'in lambobi da kanta, kowane girma aka ba ta muddin lambar mara ce. Manhajar ba ta kai layi ashirin ba, amma ta ci mata Asabar huɗu. Ɓullowa ta ƙasa da ta hagu ta fara ba ta wahala, har sai da ta gane cewa ragowar rabawa tana yin wannan aiki, kamar yadda agogo yake komawa 1 bayan 12. Bayan nan sai layukan kwance da na tsaye suka riƙa cika, kusurwa kuwa ta ƙi. Na ga inda kuskuren yake tun a kallon farko, amma na kame bakina. Sai a mako na huɗu ta gano cewa Python daga sifili yake fara ƙirga gidaje, saboda haka a layi mai gida bakwai, gidan tsakiya shi ne na 3, ita kuwa 4 ta rubuta.

Ranar Asabar ta ƙarshe ta zangon mahaifinta ya zo kamar yadda muka yi, ya zauna a kan bencin ɗalibai, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Ta buga 7, ta danna maɓalli, lambobi 49 suka jeru a fuskar na'urar. Ya matso da fuskarsa, ya ɗora yatsa a layin sama, 30, 39, 48, 1, 10, 19, 28, yana tarawa da ka irin na mutumin da ya saba da lissafin buhuna, ya ce 175. Ya tara layin tsaye na farko, ya sake samun 175. Sai ya bi kusurwa daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama, ya ga lambobin sun jeru daga 22 har 28, ya tara su, ya ɗago ya dube ta ya ce, “Ke kika gaya mata yadda za ta yi?” Ta ce, “E, Baba.” Ya gyara zama ya ce to ta sa mata tara-tara ya gani.